Waƙar jana'iza mai sanyi, mai kiran mala'iku: koral ɗinmu zai iya?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina koral a wani coci a Garwa, mamanmu ta rasu watan jiya kuma za a yi mata addu'ar tunawa. Na ji wata waƙar Latin a YouTube mai sanyi sosai ana kiran mala'iku a ciki, In paradisum. Ta waye, kuma mu da piyano ɗaya kawai za mu iya ta?

Amsa: Allah ya ji ƙan Mama, ya ba ku haƙuri 'yar uwa. Mafi shahara da wannan sunan ita ce ta Gabriel Fauré, Bafaranshe, ita ce kashi na ƙarshe a Requiem ɗinsa, wato waƙoƙin addu'ar mamata, da aka fara rerawa a cocin Madeleine a Faris a 1888. Kalmomin ba nasa ba ne, tsohuwar addu'ar Katolika ce da ake yi daidai lokacin da za a ɗau gawa daga coci zuwa makabarta, ana roƙon mala'iku su yi wa mamaci rakiya zuwa aljanna, shahidai su tarbe shi su kai shi birni mai tsarki Urushalima, ya huta tare da Li'azaru matalaucin nan na Luka 16 wanda mala'iku suka ɗauka suka kai wurin Ibrahim.

Sanyin da kika ji da gangan ne. Shahararrun mawallafan kiɗa Mozart da Verdi, a nasu Requiem ɗin, sun ba ranar hisabi wuri babba, ganguna da ƙaho kamar ƙasa za ta tsage, shi kuwa Fauré ya tsallake yawancin wannan sashen ya riƙe roƙon hutu, kuma ni gaskiya a wurin makoki nan nake tsayawa, don mutumin da ya binne uwarsa ba tsoratarwa yake buƙata ba. Brahms ma, mawallafin kiɗa Bajamushe, haka ya gani a nasa Requiem ɗin, uwarsa ta rasu a 1865, sai ya zaɓo ayoyi da kansa daga Littafi Mai Tsarki na Jamusanci, ya buɗe da Matiyu 5:4 kan masu makoki da za a ta'azantar, daga baya ya ƙara wani kashi na muryar mace ɗaya da ayar Ishaya 66:13, inda Ubangiji ke cewa zai lallashe mu kamar yadda uwa ke lallashin ɗanta. Amma wannan ya haura awa guda kuma yana son taron mawaƙa masu yawa, ku bar shi tukuna.

Ta Fauré kam za ku iya. Minti uku ne da 'yan kai, soprano, wato mata masu murya ta sama, su ne ke ɗauke da waƙar kusan duka a murya ɗaya, sauran muryoyin sai an zo kan kalmar Urushalima suke shigowa a hankali. Wahalar tana numfashi, layukan dogaye ne kuma ba a ɗaga murya, mu kuma nan arewa mun saba da buɗe maƙogwaro da tafi da ganga. Toh ki ce wa mata kada su ja numfashi wuri ɗaya, wannan ta sha iska yayin da ta kusa da ita ke riƙe da sautin, mai sauraro ba zai ji yankewa ba. Mai piyano ya sa sautin ogan, ya rage ƙara, hannunsa ya tafi daidai ba gaggawa.

Kafin ku fara, wani ya karanta ma'anar da Hausa ko Fulfulde ko Faransanci don tsofaffi da maƙwabta da suka zo ta'aziyya su san abin da ake roƙa. Ke kuma kada ki tsaya gaba ke kaɗai ranar, ki shiga tsakiyar 'yan uwanki soprano, in kuka ya ƙwace miki su za su riƙe layin har ki dawo.