Likita Na Amsawa: Ciwo Mai Daɗewa A Lokacin Da Aljihu Ya Ƙi

Tambayoyin wannan makon kusan duk wuri ɗaya suka dosa: samu ya ragu, magani ya yi tsada, ciwo kuwa yana nan.

Likita, an ba ni maganin hawan jini amlodipine na wani kamfani mai araha maimakon wanda na saba sha. Zai yi aiki?

Zai yi, Malam. Sinadarin ɗaya ne, kwali ne ya bambanta. Ka dai duba cewa ƙarfinsa daidai yake da na da, kuma yana da lambar rajistar hukumar kula da magunguna.

Ko zan iya raba ƙwayar maganina biyu don ta kai ni ƙarshen wata?

A'a. Rabin magani rabin kariya ne. Ƙwayoyin da aka rubuta wa SR ko XL kuwa a hankali suke sakin magani, in ka fasa su sai ya zubo gaba ɗaya. Je ka ga likitanka.

Ɗana ɗan shekara 14 yana allurar insulin. Mahaifinsa ya rasa aiki, sai na rage masa allurar zuwa sau ɗaya a rana. Wata maƙwabciya ta kawo mini jiƙon da ta ce yana kashe ciwon suga kwata-kwata. In bar allurar?

Hajiya, wannan saƙon ya hana ni sukuni. Don Allah kada ki bari, kuma ki kai shi asibiti yau, ba gobe ba.

Ciwon suga da ke kama yaro a wannan shekarun galibi nau'i na ɗaya ne, wato jikinsa ya daina yin insulin. Babu jiƙo, babu saiwa, babu garin da zai maye gurbinsa. Kafin a gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, irin waɗannan yara mutuwa suke yi duk da dabarun masu magani na wancan zamani. In insulin ya yi ƙaranci, jiki kan koma ƙona kitse, jini ya cika da guba mai tsami. Sai ki ga yawan fitsari da ƙishirwa, amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, daga nan sai suma. Cikin kwana ɗaya ko biyu abin kan iya ƙwacewa. Kika ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko da tsakar dare ne, asibiti.

Ban ga laifinki ba. Haka matsin tattalin arziki yake yi wa masu ciwo mai daɗewa a ko'ina. A Girka, bayan rikicin kuɗi na 2008, an zaftare kasafin lafiya, mutane da yawa suka rasa inshora tare da aikinsu. A Amurka ma, duk arzikinta, an sami waɗanda suka riƙa tsimin insulin saboda tsada har suka rasu. Sai dai tsimin nan ba ya rage kashe kuɗi: kwanciyar gaggawa guda ɗaya kan cinye kuɗin allurar watanni.

Masu tallar "maganin suga sadidan" su ne ke ba ni takaici. Sun san mutum yana cikin ƙunci, shi ya sa suke zuwa masa a lokacin. Wasu jiƙe-jiƙen ma ƙoda suke lalatawa, ita kuwa ƙodar mai suga dama a cikin haɗari take.

Ki faɗa wa likitansa gaskiya, ki ce kuɗi ne babu. Ba abin kunya ba ne, kuma akwai mafita. Insulin irin su NPH da regular sun fi sababbin nau'o'i kamar glargine araha, na kwalba da sirinji kuma yakan fi na biro sauƙi. Amma likita ne zai yi canjin, domin lokacin aikinsu ya bambanta. Ki tambayi sashen jin daɗin marasa lafiya na asibitin ko akwai tallafi. Na sake faɗa: yau za ki kai shi.

Na daina shan maganin hawan jini tunda kaina ba ya ciwo. Sai na ji alama zan saya.

Baba, alamar da kake jira tana iya zama shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini yawanci ba ya sallama. In kuma atenolol ko propranolol kake sha, yanke su lokaci ɗaya kansa haɗari ne ga zuciya. A auna jininka cikin makon nan, a zaɓa maka mai araha.

Ina da asma, maganin shaƙa iri biyu aka rubuta mini. Salbutamol kaɗai nake iya saye.

Shi salbutamol buɗe hanyar numfashi yake yi na ɗan lokaci, ɗayan ne ke hana kumburin da ke tayar da ciwon. Idan kina buƙatarsa fiye da sau biyu a mako, asmar ba ta kwanta ba, ki koma asibiti. In kin shaƙa numfashi bai saki ba, kada ki jira gari ya waye.