Amsa ga Baffa kan gudun da muke yi a bakin kanal a Birmingham

Assalamu alaikum Baffa. Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya a Kura, da fatan kuma ruwan rani ya iso gonaki a kan lokaci.

Tambayarka biyu ce. Ta farko, me ya sa Hausawan da ke Birmingham ta Ingila, magidanta har da masu furfura, suke fita da sassafe suna gudu a bakin ruwa, alhali a gida ba a ganin babba yana gudu sai da dalili. Ta biyu, tunda likita ya ce ka riƙa motsa jiki saboda hawan jini, ko za a iya yin irinsa a gefen kanal ɗin Kadawa.

Dalilinmu shi ne zama. Mutumin da ya tashi yana noma, yana jan ruwa, yana zuwa kasuwa a ƙafa, ya zo nan ya koma tuƙin tasi ko gadin dare ko aikin ofis, awa takwas zuwa goma a kan kujera, ga tuwo da shinkafa ba a rage ba. Cikin 'yan shekaru sai ciwon suga da hawan jini su sallama. Likitocin nan suna cewa babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Wanda ba shi da gona dole ya nemi inda zai yi gumi, kuma mun duba mun ga babu wurin da ya kai bakin kanal.

Kanal ɗin nan ba na ban ruwa ba ne irin namu. An haƙa shi ne don jiragen dakon gawayin kwal da ƙarfe, kuma sashen farko na wannan gari an buɗe shi a 1769, injiniyansa James Brindley. A lokacin doki ne ke jan jirgi da igiya yana tafiya a gefen ruwa, don haka kowane kanal yana da 'yar hanya a gefe guda. Wannan hanyar dokin ita muke bi. Har yau idan ka tsaya a ƙarƙashin tsohuwar gada za ka ga ƙarfen da aka manna a kusurwarta duk ya yi zarara masu zurfi, inda jiƙaƙƙiyar igiya ta yi ta cin sa shekara da shekaru. Tun 2012 wata ƙungiya mai suna Canal & River Trust ke kula da irin waɗannan hanyoyin ruwa, kusan mil 2,000 a Ingila da Wales, kuma ba a biyan ko kwabo kafin a bi su.

Amfaninta uku ne. Babu mota. Ƙasa a shimfiɗe take tunda ruwa ba ya hawa tudu, don haka gwiwar mai shekara hamsin ba ta shan wahala. Sannan ba a ɓata: idan ruwa na hannun damanka a tafiya, yana hagunka a dawowa, gadoji kuma kowacce da lambarta ko sunanta. Mafi yawan mutanenmu suna farawa daga Gas Street Basin a tsakiyar gari su bi kanal ɗin da ya nufi Worcester, su wuce Edgbaston su juya a daidai jami'a, kamar kilomita huɗu ke nan a zuwa. Mai ƙarfi ya zarce Selly Oak har Bournville, inda kamfanin cakulan na Cadbury yake. Sabon shiga kan fara da zagaye tafkin Edgbaston, wanda bai cika kilomita uku ba. Samari masu neman hawa kuwa Farmer's Bridge suke zuwa, inda ake da lok 13 a jere. Lok wani ɗaki ne na ruwa mai ƙofa gaba da baya, a cika shi jirgi ya hau, a zubar jirgi ya sauka, kuma a gefen kowanne hanya tana yin 'yar gangara.

Ba a fara gudu da gudu. Tsarin da hukumar lafiya ta NHS ta fitar shi muke bi, mako tara, sau uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Makon farko: tafiya mai sauri minti biyar don jiki ya ɗumama, sannan sassarfa minti ɗaya, tafiya minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa har minti 20. Ana ƙarawa a hankali har a mako na tara mutum ya iya minti 30 bai tsaya ba. Ma'aunin sauri shi ne magana: idan ba ka iya amsa gaisuwar abokin tafiyarka ba tare da haki ba, ka yi sauri da yawa. Kuskuren da ya fi kayar da mutanenmu shi ne kunya. Magidanci ya ga yaro ya wuce shi, ya ce ba zai yiwu ba, ya ƙara wuta, bayan kwana huɗu ƙwabrinsa da agararsa su kumbura, shi ke nan an ajiye kambas. Ƙashi da jijiya sun fi numfashi jinkirin sabawa, shi ya sa ake hutun tsakani ko da mutum yana jin ƙarfi.

Kambas kuwa a saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi. Idan ya matse, farce ne zai yi baƙi ya fita.

Sai batun sutura da salla. Mazanmu dogon wando suke sawa, ko wanda ya sauka ƙasan gwiwa. Matanmu suna fita su huɗu ko biyar da hantsi bayan an kai yara makaranta, da hijabi marar nauyi wanda bai kai ƙasa ba don kada ya harɗe ƙafa, kuma akasarinsu tafiya mai sauri suke yi. Hanyar cike take da kashin agwagwar ruwa da na karnuka, saboda haka kambas ɗin gudu ba ya shiga ɗaki, kayan gudu ma ana canzawa kafin a tsaya salla. Lokaci shi ne babbar matsala. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin huɗu na yamma ta faɗi, kuma yawancin hanyar babu fitila, don haka gudun bayan asuba yakan koma titi ko ya jira Asabar. A Yuni kuwa kafin biyar gari ya waye, ba a magariba sai wajen tara da rabi. Da azumi masu iyawa suna yin sassarfar minti 20 zuwa 30 dab da shan ruwa, da dabino a aljihu, ba sa nisa da gida. Ranar Asabar da ƙarfe tara wasunmu kan shiga parkrun a Cannon Hill Park, gudun kilomita biyar na kyauta da ake yi da kowa da kowa.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe, domin shi ne ya haɗa nan da gida. Muna gudu a gefen ruwa, amma ba ma taɓa ruwan. Kanal ɗin nan a yawancin wurare bai wuce ƙirjin babba ba, sai dai sanyinsa ne ke kisa. Ruwan da ya gaza digiri 15 idan mutum ya faɗa ba shiri, numfashi ne ke ƙwace masa, ya shaƙi ruwa tun bai fara iyo ba. Abin da ake koya wa kowa shi ne ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa, ya jira kamar minti ɗaya numfashi ya dawo, sannan ya nemi gaɓa. Wanda ke waje kada ya yi tsalle ya bi shi, ya kira 999, lambar agajin gaggawa ta nan, ya miƙa sanda ko igiya. Idan ruwa ya daskare ba a taka shi ko da ya yi kama da siminti. A Disamba 2022 yara huɗu sun rasu a wani tafki a Solihull, nan kusa da mu, bayan ƙanƙara ta fashe da su. Akwai kuma cutar fitsarin ɓera da ke shiga ta ciwo ko ido, ta fara kamar zazzaɓi. Wuraren faɗuwa sanannu ne: ƙarƙashin gada inda hanya ta tsuke kuma ba ka ganin mai keken da ke tafe, tubalin gangarar lok idan ya jiƙe, da zoben ƙarfe da igiyar da ake ɗaure jirage. A waɗannan wuraren tafiya ake yi, kuma ba a toshe kunnuwa biyu da abin sauraro.

To, Kadawa. Za a iya, har ma ta wani fannin kun fi mu, don burji ya fi tubali sauƙi ga gwiwa. Amma kanal ɗinku ruwan Tiga ne mai tafiya. Tun da aka gama madatsar a 1974 yake shayar da Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma idan an sako shi yana da ja. Inda aka yi wa gefe siminti, gangare ne mai gansakuka, wanda ya zame ba shi da abin kamawa, mafi muni kuma inda ruwa ke nutsewa ƙarƙashin hanya ko bakin ƙofar raba ruwa. Ka bar aƙalla taku biyu tsakaninka da baki. Kada zafi ya sa a wanke ƙafa ko fuska a ciki, ko a yi alwala da shi. Tsargiya daga katantanwar irin wannan ruwan take fitowa, ta fata take shiga ba sai an sha ba, ga masu feshi suna wanke tankunansu a nan. Ka tafi da gorarka ta rabin lita daga gida.

Lokacin da ya dace shi ne bayan asuba idan gari ya yi haske har kana ganin inda za ka sa ƙafa, saboda maciji yana son ciyawar bakin ruwa. Daga Maris zuwa Mayu, ƙarfe bakwai da rabi ya kamata a ce an dawo. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri a haƙura, ko a tsaya a tafiya da rawani a hanci. Lokacin kwasar tumatir babura da a-kori-kura suna cika hanyar da kwanduna, sai ka bi gefen da kake fuskantar masu zuwa. Idan garken shanu ya sauko shan ruwa ko karen makiyaya ya taso, a tsaya cak, gudu ne ke sa kare ya bi mutum. Nisa kuma ba sai da agogo mai tsada ba: a sa yaro ya auna da mitar babur daga gada zuwa gada, a san inda kilomita ɗaya ta cika, a riƙa juyawa a nan.

Akwai abu ɗaya da mu ba ma tunaninsa a nan amma ku dole ne. Mutumin da aka hango yana gudu da duku-duku a tsakanin gonakin albasa, ana iya yi masa ihun ɓarawo kafin a gane fuskarsa. Ku fita ku biyu ko uku, da farar riga, a sanar da mai unguwa da masu kwana a gona, a kuma yi sallama ga duk wanda aka wuce.

Kai dai Baffa, da hawan jinin nan, ka fara da tafiya mai sauri minti 20 har tsawon wata guda, ka sha maganinka yadda aka rubuta, a auna jinin a asibiti kafin ka ƙara sassarfa a kai. Idan ka ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko ciwo yana sauka hannun hagu, ka zauna nesa da bakin ruwa, abokin tafiyarka ya nemo babur a wuce asibiti a ranar.