Me ya sa ake son tsofaffin bangon komik haka?

Ɗan uwa ka tambaya wai me mutane suke gani a bangon tsofaffin komik na Amurka, wato mujallun labari cikin zane, tunda na yanzu da ake yi da kwamfuta sun fi kala da kyalli. To gaskiya ni nafi son na da, kuma ga dalilina.

A wancan lokacin a shagon jarida ake jera su birjik, yaro na riƙe da senti 10 kacal, dole hoto ɗaya ya fizgo idonsa ya bashi labari tun kafin ya buɗe. Duba bangon Action Comics fitowa ta 1 ta shekarar 1938 wanda Joe Shuster ya zana, Superman ya ɗaga koriyar mota sama yana maka ta da dutse, amma ni abinda yafi burge ni shine mutumin nan dake ƙasa ta hagu, ya dafe kai da hannu biyu yana gudu ido a waje, wallahi tsoron fuskarsa shi ke sa ka yarda motar nada nauyi. A 2024 an sayar da kwafi ɗaya dala miliyan 6.

Sannan kala kaɗan injin bugu ke iya fitarwa, daga haɗin ja da shuɗi da rawaya da baƙi, shi yasa kayan jaruman suke rau haka.

In kana son wanda zai taɓa maka zuciya nemi bangon Crisis on Infinite Earths fitowa ta 7 ta 1985, George Pérez ya zana Superman ɗauke da gawar 'yar uwarsa Supergirl yana kuka, sauran jarumai cike a bayansa. Ka buɗe shi a babban allo, a waya ba zaka ga fuskokin na baya ba.