Shin an samo maganin Ebola?

Ɗan'uwa, ka ce kana zirga-zirgar kasuwanci tsakanin Maraɗi da Kano ta Ɗan Isa, kana tambaya ko an samo wa Ebola magani ko har yanzu sai addu'a. An samo, amma da sharaɗi.

Annobar 2014 zuwa 2016 ta kashe mutum fiye da 11,000 a Gini, Laberiya da Saliyo. A cikinta aka gwada rigakafin Ervebo a Gini a 2015: in an samu majinyaci, sai a yi wa waɗanda suka yi cuɗanya da shi allura, har da na kusa da su. An amince da ita a 2019. Sannan binciken da aka yi a Kwango a 2018 da 2019, wanda Farfesa Jean-Jacques Muyembe yana cikin jagororinsa, ya tabbatar da magunguna biyu, Inmazeb da Ebanga. Wanda aka kai asibiti da wuri ya fi samun sa'a nesa ba kusa ba.

Sharaɗin shi ne, ƙwayar Ebola nau'i-nau'i ce, kuma rigakafin da magungunan nan duka na nau'in da ake kira Zayar ne, ba na wanda ake kira Sudan ba.

Abin da ya fi damuna wankan gawa ne. Cutar ta jini da amai da gudawa take bi, gawa kuwa ta fi kowa ɗauke da ita, don haka a bar wa ma'aikatan lafiya. Wanda ya warke kuma kada a ƙyamace shi. Sai dai ƙwayar na iya ɓuya cikin maniyyi watanni da yawa, shi ya sa ake ci gaba da auna mazan da suka tashi.