In Ƙaro Gona ko In Ƙaro Taki?

Tambaya: Ina noman alkama da ruwan sama, babu ban-ruwa. Gonata hekta biyu ce, kuma abin da nake samu bai wuce tan ɗaya da rabi a kowace hekta ba. Maƙwabcina, wanda gonarsa ba ta kai rabin hekta ba, yana cewa idan aka yi lissafi hekta da hekta ya ninka ni. Yanzu na ɗan tara kuɗi, an kuma yi mini tayin hayar wasu hekta biyu. In karɓa, ko in zuba kuɗin a wadda ke hannuna? Shin girman gona ne ke rage amfani?

Amsa: Malam, kafin ka ji haushin gonarka, ka tambayi maƙwabcin nan wa ya auna masa tasa. Wannan gardama ta tsufa. Tun 1962 masanin tattalin arziki Amartya Sen ya lura da cewa a Indiya ƙananan gonaki na nuna amfani mai yawa a kowace eka fiye da manya, aka yi shekaru ana neman dalili. Da aka fara zagaya gonaki da na'urar GPS sai aka ga baki ba ya auna fili daidai. Haka ma amfanin: a wani bincike da aka buga a 2018 kan gonakin Habasha, da aka daina dogaro da abin da manomi ya faɗa, aka yanka amfanin aka ɗora a sikeli, fifikon ƙananan gonakin ya ɓace. Ba ƙarya maƙwabcinka yake yi ba. Mai buhu biyu da rabi yakan ce uku, kuma rabin buhu a ƙaramar gona babban kuskure ne idan aka mai da shi lissafin hekta.

Duk da haka ƙaramar gona tana da wani abu na gaske: idon mai ita. Da safe ɗaya zai zaga ta, ya ga inda ganye ya fara ɗorawa-ɗorawa, ya shafa yatsa ya ga hodar cutar tsatsa ta manne masa, ya cire ciyawa tun tana ƙarama. Kai mai hekta biyu sai ka gama wannan ɓangare ka tarar wancan ya sarƙe.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne nawa ruwan da kake samu zai iya ba ka. Masana biyu a Kudancin Ostireliya, French da Schultz, sun fitar da lissafi mai sauƙi a 1984. Ka ɗauki ruwan da alkama ta samu daga shuka zuwa girbi, ka cire milimita 110 da rana ke shanyewa daga ƙasa, abin da ya rage kowace milimita na iya ba da kilo 20 na ƙwaya a hekta. A ce ka samu milimita 300. Cire 110, saura 190, sau 20, ya zama kilo 3,800. An yi lissafin ne a ƙasar da ake ruwa lokacin sanyi, don haka inda zafi ya fi yawa ka rage buri. Ko ƙwararrun manoma ma ba sa wuce kashi 80 cikin ɗari na abin da ruwa ya yarda da shi, domin tan na ƙarshe yakan ci kuɗin da ya fi ƙimarsa. To mu ce tan uku. Kai kana kan ɗaya da rabi. Ashe akwai wata gonar a cikin gonarka da ba ka girbe ba, kuma ba ka biya mata haya.

A Ostireliyar kanta, inda fili ɗaya kan kai ɗaruruwan hekta ga manyan injuna, an kiyasta cewa matsakaicin amfanin alkama kusan rabin abin da ruwa zai iya bayarwa ne. Babban dalili shi ne tsoron fari: manomi yana rage taki don kada ya yi asara idan ruwa ya ɗauke, sai shekarar albarka ta zo ta tarar da alkama cikin yunwa.

Shawarata, bar hayar nan bana. Kowane tan na alkama yana bukatar kusan kilo 40 na sinadarin naitirojin a cikin ƙasa, wato kilo 120 ga tan uku. Idan ƙasarka ta ba da rabi, sauran kilo 60 ɗin kusan kilo 130 ne na yuriya a hekta, tunda kashi 46 cikin ɗari na takin yuriya ne naitirojin. Kada ka zuba duka a rana ɗaya. Ka ba da kaɗan wajen shuka, sauran idan alkamar ta fara fidda ’ya’ya daga gindi kuma ƙasa na da laima. Ragowar kuɗin ya tafi ga iri mai jure tsatsa da kuma shuka a kan kari, domin alkamar da aka makara da ita takan fidda kai cikin zafi, ƙwayar ta motse. Idan ka ƙaro hekta biyu da takin da kake da shi yanzu, yunwar ce za ka raba gida huɗu.

Tambaya: Mu ’yan’uwa huɗu ne, kowa da ɗan yankinsa na gado a jere. Muna tunanin haɗa kuɗi mu sayi injin shuka, amma mai tarakta ya ce sai mun rushe iyakokin. Zai biya mu?

Amsa: Mai taraktan yana da hujja, kuma za ku iya gwada ta da takarda da biro. Duk inda tarakta ke juyawa a bakin gona, taya na danne ƙasa, iri na ninkuwa ko ya bar giɓi. A ce wurin juyawar faɗin mita 6 ne a kowane ƙarshe. A gona mai mita 100 tsawo da 100 faɗi, wato hekta ɗaya, kashi 12 cikin ɗari ya tafi nan. Idan tsawon mita 400 ne, kashi 3 kacal. Kun ga ba faɗin fili ne abin dubawa ba, tsawon layi ne. Idan yankunanku sun haɗu kai da kai, ta yadda layin zai ƙara tsawo, ribar tana nan. Idan dama dogaye ne sirara gefe da gefe, rushe iyaka ba zai ƙara muku kome ba sai rigima.

Kada ku taɓa iyakar da ke tare zaizayar ƙasa ko jerin bishiyoyin da ke kare iska, musamman a gangare. Ku kafa turaku a kusurwoyi, ku rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu, sannan ku ɗauki hayar injin na shekara ɗaya tukuna. A wannan shekarar ku bar layi goma da aka watsa iri da hannu kamar yadda kuka saba, ku girbe su daban, ku auna a sikeli ɗaya da layi goma na inji.