Da me ake auna tasirin masanin lafiyar ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a fannin halayyar ɗan'adam. An ce kowa ya zaɓi masani ɗaya a harkar lafiyar ƙwaƙwalwa ya auna tasirinsa. Abokan karatuna duk sun duƙufa a Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana, suna ƙirga sau nawa aka ambaci rubutun mutum. Shin ƙirgen nan ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ƙirgen yana da ranarsa, amma bai wadatar ba. Ma'aunin da abokanki suke dubawa, h-index, wani masanin fiziya mai suna Jorge Hirsch ne ya fito da shi a 2005. In an ce na mutum 20 ne, to yana da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Iyakar abin da zai gaya miki ke nan: yawan yadda masu bincike suka waiwayi rubutunsa. Ba ruwansa da ko an kwance wa wani mara lafiya mari.

Da ni ne ke, Farfesa Thomas Adeoye Lambo zan ɗauka. An haife shi a Abeokuta a 1923, ya yi likitanci a Birmingham, ya ƙware a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley na Landan, ya dawo gida a 1954 ya kama aiki a asibitin ƙwaƙwalwa na Aro da ke Abeokuta. A lokacin, mai taɓin hankali sai dai a kulle shi, ko a gidan mahaukata irin na Yaba da Kalaba, ko ma a kurkuku. Shekara guda kafin dawowarsa, wani likitan Turawan mulki da ya yi aiki a Kenya, Carothers, ya wallafa littafi a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya yana raina ƙwaƙwalwar baƙar fata.

Abin da Lambo ya yi a Aro shi ne gundarin maganar. Ya roƙi ƙauyukan da ke kewaye da asibitin su sauki marasa lafiya a gidajensu, ana biyansu haya. Kowane majinyaci yana zuwa da ɗan'uwansa, galibi uwa ko 'yar'uwa, mai yi masa girki da wanki. Da rana a je asibiti a sha magani, da yamma a koma cikin jama'a, a ji hayaniyar yara da ta kasuwa. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin, abin da likitocin zamaninsa da yawa suke gani kamar zubar da girma. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitocinmu, da tabarma da kwanon abinci, ya san dangi rabin magani ne. Shi Lambo tsari ya mayar da abin.

Ta fuskar bincike kuwa, shi da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell suka bi garuruwa da ƙauyukan Yarbawa, sakamakon ya fito a 1963, ya nuna damuwa da fargaba suna nan a tsakaninsu kamar yadda suke a Arewacin Amurka. Ya shirya taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta a 1961, ya shugabanci Jami'ar Ibadan, sannan ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.

Sai dai kada ki mayar da aikinki waƙar yabo. Ba a gwada tsarin Aro da irin gwajin da ake yi yau ba, wanda ake raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a a kwatanta, don haka ki yi hattara da masu cewa ya fi asibiti saurin warkarwa. Kuma Lambo ya rasu a 2004 ƙasarsa Najeriya tana kan dokar mahaukata ta 1958, wadda ba a sauya ba sai da aka sa hannu a sabuwa a Janairun 2023. Ki ware wa wannan tazarar shafi guda a aikinki, ki bi diddigin abin da ya jawo ta.