Me Ke Juya Iskar Sama Sau Biyu a Rana?

Tambaya: Malam, na karanta cewa iskar da ke kilomita 100 sama da mu tana sauya alkibla a kan lokaci, kamar yadda teku ke cika yana janyewa. Shin wata ne ke jan ta?

Amsa: Wata yana da hannu, amma kaɗan ne, babban mai juya wannan iska zafin rana ne. Sashen da kake magana a kai shi ne ɓangaren ƙasa na sashen sama da ake kira tamosfiya, daga wajen kilomita 90 zuwa 150, inda mafi yawan iskar ba ta ɗauke da cajin lantarki. Abin lura shi ne, yawancin motsin ba a can yake farawa ba. Tururin ruwa da ke kusa da ƙasa da iskar ozon da ke samansa suna shan hasken rana su yi zafi da yini, su huce da dare, sai wannan ya haifar da igiyoyin iska, kamar igiyar ruwa, masu maimaita kansu duk awa 24, ko 12, ko 8. Yayin da igiyar ke hawa, kaurin iska da nauyinta na ƙara raguwa, don haka motsin ke girma, kamar bulala da ɗan girgizar mariƙinta kan zama tsawa a bakinta. Abin da a ƙasa bai wuce ɗan sauyin matsin iska ba, wanda a yankunan zafi kan kai ƙololuwa wajen ƙarfe goma na safe da goma na dare, a can sama ya zama iska mai gudun mita gommai a daƙiƙa ɗaya.

Igiyar awa 24 ta fi ƙarfi kusa da layin ikweta da ya raba duniya arewa da kudu, musamman a watannin Maris da Satumba, ta awa 12 kuwa ta fi rinjaye a ƙasashen da ke nesa da shi.

A ganina, mafi muhimmanci shi ne igiyoyin da ba sa bin rana zuwa yamma kamar sauran. Manyan hadaran Afirka da Amazon da Indonesiya suna sakin zafi idan tururi ya zama ruwan sama, kuma daga nan wata igiya ke tashi ta nufi gabas. Idan ta isa sama, takan tura ƙwayoyin da ke da caji su ratsa maganaɗisun duniya, wanda hakan ke haifar da lantarki, har ta yi tasiri a kan wani zirin lantarki da ke gudana da rana can sama a yankin ikweta, har da saman Najeriya. Tasirin yana kaiwa ga saƙonnin rediyo da na GPS.

Ana auna iskar da na'urar rada mai bin sawun ƙananan duwatsun sama da ke ƙonewa tsakanin kilomita 80 da 100, da kuma taurarin ɗan Adam na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, irin su TIMED da aka harba a 2001 da ICON da aka harba a 2019, wanda ya daina aiki a 2022.